Ƙwaƙwalwar Motar Hajiya

Ni mai lantarkin mota ne a Suame, unguwar makanikai. Karatuna bai wuce aji biyu ba, shi ma malamin ne ya gaji da ni kafin in gaji da shi. Yadda maigidana ya koya mini aiki shi ne a goga waya a jikin mota, in ta yi tartsatsi akwai wuta, in ba ta yi ba a bi ta har a gano inda ta mutu. Da wannan na aurar da 'ya'ya.

Sai ga motocin zamani, kowace da wani ƙaramin akwati a ƙarƙashin sitiyari, wai ƙwaƙwalwa. Ka buɗe, ba abin da za ka gani sai wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙafafu kamar kaska, ana ce musu aisi. Ba sa tartsatsi, ba sa wari. Su mutu shiru, mota ta mutu tare da su.

Akwai wata Hajiya a Tafo mai motocin tasi, tun mijinta na da rai wurina suke kawo gyara. Rabin tuwon gidana daga motocinta yake fitowa. Sabuwar da ta saya ta ƙi tashi, na bi waya har ta kai ni ga akwatin nan, na tsaya ina kallonsa.

"Masta," in ji Hajiya, "in ta fi ƙarfinka ka faɗa. Akwai masu kwamfuta a Asokore Mampong. Amma ba zan raba motocina gida biyu ba, inda wannan ta je nan sauran za su bi."

A makon ne aka yi shela a ƙungiyarmu cewa wata jami'a za ta koya wa mastoci aikin ƙananan kayan lantarki, kyauta. Na ce Allah ya kawo. Na naɗe akwatin a zanen matata, na sa babbar rigar Juma'a, na hau trotro, motar hayarmu.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ranar farko wani babban malami ya tashi yana ba mu labarin yashi. Wai daga yashi ake yin aisi. To madalla, yashi kam muna da shi har cikin wake da shinkafa. Daga nan aka rufe mana kai da gemu da wata 'yar raga, aka jera mu muna leƙen wani ɗaki ta gilashi, ɗakin da aka ce ko ƙura ba ta shiga. Ƙura ba ta shiga, mu ma ba mu shiga ba.

Da za mu tashi, mai ɗaukar hoto ya ƙare mana kallo ya ce gobe mu zo da kayan aikinmu, masu baƙin mai. Wai mun yi tsaf da yawa, masu ba da tallafi ba za su yarda mu makanikai ne ba. Ei! Dattawa masu jikoki, mun yi wanka mun zo neman ilimi, ashe dauɗarmu ake buƙata. Kuma na zo da ita washegari, don akwatin Hajiya. Aka miƙa mini sabuwar sifana fil, abin da mai lantarki bai cika riƙewa ba, aka ce in yi murmushi.

Wadda ta tsaya da mu a tebur wata matashiyar malama ce, sa'ar autata. Da aka tafi cin abinci na kwance zane na ajiye mata.

"Baba, wannan fa?"

"Mara lafiya na kawo asibiti, 'yata."

Ta yi dariya, ta buɗe, ta duba da gilashin ƙara girma. Ta nuna wata aisi ta ce tana zargin ita ce, amma sai an gwada. Na'urar gwajin tana nan, ga ta can an lulluɓe da leda.

"To bismilla."

"Makulli na hannun babban malami, kuma an saye ta don bincike ne, ba a sa mata kayan waje. Baba, ni da nake koyarwa a nan ban taɓa kunna ta ba."

Ban ga laifinta ba. Ta ma gargaɗe ni cewa ƙwayar ba ta son zafi mai yawa. Amma wane irin koyo ne wannan? A Suame da abin da ya lalace ake koyon gyara. Su kuwa sun tara mu, sun nuna mana kaya ta bayan gilashi, sun ba mu lemo da satifiket, suka ce an horar da mu.

Na koma rumfa da abu guda a kai: waccan ƙwayar ce. Na samo irinta a jikin wani mataccen akwati. Ƙarfen dalmata kuwa irin na da ne, wanda ake sawa a garwashi, da shi nake liƙe kan batir. Na ce zan taɓa kaɗan kawai. Na taɓa. Aisin ta fita, maƙwabtanta uku suka biyo ta, allon da suke liƙe a kai ya kumbura kamar ƙosai.

Hajiya ta zo da motar jan matattun motoci da la'asar. Ta ɗauki akwatin ta sunsuna.

"Wannan ne karatun jami'ar?"

"Wannan nawa ne, Hajiya. Nasu yana cikin leda."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta sa direbobinta suka kwashe motocinta da ke wurina ɗaya bayan ɗaya, maƙwabtana na yi kamar ba sa gani. Da ta zo kan ta ƙarshe, wata tsohuwa tukuf da mijinta ya bari, sai ta tsaya ta ɗora hannu a kan bonet.

"Wannan ba ta da ƙwaƙwalwa," ta ce. "Riƙe ta, Masta. Ku ƙarasa tare."