Ƙofofi Ashirin na Kyankyaso

Yayana mai feshin maganin ƙwari ne. Shekara goma sha tara yana goye da tanki gida-gida, yana fesa ƙarƙashin gadaje da bayan kabad. Bai yi nisa a karatu ba, amma ya riƙe abu guda da wani likitan dabbobi ya gaya masa: kyankyaso ba shi da hanci. Ta gefen jikinsa yake numfashi, ta wasu ƙananan ƙofofi, goma a dama, goma a hagu.

Wannan sani shi ne abin taƙamarsa. Yakan kifar da kyankyaso a tafin hannu, ya nuna wa masu gida wurin da tsinke, sannan ya kore su waje, ya kulle tagogi, ya shiga shi kaɗai. Takunkumin rufe hanci da na saya masa kuwa yana rataye a ƙusa, gizo-gizo har ya yi saƙa a ciki.

"Yaya, sa abin nan mana," nakan ce.

"Auta, lissafi ne. Shi ƙofa ashirin, ni biyu. Kafin maganin ya same ni ya gama da shi."

Wallahi lissafin nan ya sha ƙona mini rai.

Tari ya fara zuwa da safe. Daga baya ƙirjinsa ya soma kuka kamar tsohuwar ƙofa, har matarsa ta daina barin rigar aikinsa a ɗaki saboda wari. Wata Talata da hantsi ya shiga wani sito ya rufe. Mai siton ya ji ƙarar famfon tankin ta tsaya, ya jira, bai ji ta ci gaba ba. Da ya ɓalle ƙofar sai ya tarar da Yaya a ƙasa, kyankyasai a rigingine kewaye da shi.

A asibiti maƙogwaronsa ya kumbura ya toshe. Likita ya huda masa wuya, ya sa bututu. Yanzu ba ya iya magana sai ya toshe ramin da yatsa.

Ranar da ya farfaɗo ya yafito ni, ya ɗora yatsa a wuya.

"Auta, uku ke nan. Saura goma sha bakwai."

Ban yi dariya ba, tsoro ne ya kama ni.

Jiya na je duba shi. Na same shi tsugune a bakin famfo yana wanke tankin, iska na shiga tana fita ta ramin wuyansa.