Rijiyar Barewa da Ƙwaryar Babana

Shekarar da nake ba ku labari, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. Mu Kirista na unguwarmu a Dogon Dutsi gida bakwai ne, majami'armu ɗakin laka, tabarma biyar ta ishe mu. Kakata, uwar Baba, muna ce mata Iya. Da an cinye tuwo sai ta hura wutar karan hatsi, ta zuba gujiya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta mu sha tatsuniya. Har yau ban ji bakin da ya kai nata ba, kuma na ji bakuna.

To, a kakar nan rigima ta shigo mana. Ranar godiyar girbi Baba ya kifa ƙwarya ya kaɗa ana waƙa. Tsoho Arzika, mahaifin Innata, dattijon majami'a, ya tashi tsakiyar waƙar ya fice. Baba ya ce an ci mutuncinsa gaban jama'a, ya daina zuwa sujada. Gida uku suka bi shi, uku, har da nasa gidan, suka bi Tsoho. Mu na bakwai, Inna tana kuka tsakanin miji da uba. Fasto ya ce Maganar Allah a fili take: wanda ya ɓata maka, ka je ka same shi, ku biyu kaɗai. Amma ina! A Arewa wa ke tsayawa gaban surukinsa? Ko a hanya ka hango shi, ratsewa kake yi.

Wata maraice Baba na gefe yana tufkar igiya. Iya ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai ta ɗaga murya wajenmu.

“Ga wata ta taho muku!”

“Ta iso lafiya!” muka amsa.

Wai Barewa ya auri ɗiyar Raƙumin Dawa. Ya haƙa rijiya, ya gayyaci surukin. Raƙumin Dawa ya zo, ya dubi ruwan, ya juya bai sha ba. Barewa ya aiki Hankaka ya tambayo dalili, Hankaka ya aiki Zabo, kafin magana ta dawo ta yi ƙaho da wutsiya. Dawa ta rabu biyu, rijiya ta cika da yashi, ƙishirwa tana kashe ƙanana. Ƙarshe Barewa ya tafi shi kaɗai. Raƙumin Dawa ya nuna masa tabo a cinya, ya ce shi sai ya buɗe ƙafafu yake shan ruwa, kuma a haka zaki ya taɓa kama shi. Bakin rijiyar nan akwai doguwar ciyawa. Ba raini ya kore shi ba.

“Iya, me ya hana shi faɗi tun farko?” na tambaya.

“Ke, mai bakin tsiwa! Tsoho na tallar tabonsa? Sai an je an tambaya. Wani mai igiya ma, da yana da kunne, ya ji.”

Baba bai ɗago ba. Amma da safe ya tafi gonar Tsoho. Inna ta gaya mini daga baya: ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya juya masa baya don kunya, suka yi magana ba wanda ya ga idon wani. Ashe Tsoho shekara da shekaru yana bori kafin ya bi Yesu, kuma kiɗan da Baba ya yi, shi ne wanda ake kiran doguwarsa da shi, iskar da ke hawansa. Ya ji jikinsa ya fara rawa, ya gudu kada ya faɗi a ɗakin Allah. Baba ya yi kuka. Ƙwarya ba a hana ta ba, kiɗan ne ya sauya, domin an koya mana mai ƙarfi ba ya sa rarrauna tuntuɓe. Lahadi gida bakwai muka ci Jibin Ubangiji tare, gurasar zumuntarmu ta Kirista.

Na tsufa yanzu, kuma kowa ya san ni da taurin kai. Sau uku aka ɓata mini a majami'a har na ɗaura zane na tafi ƙofar mutum ni kaɗai, da maganata a shirye, mai zafi. Duk ukun ban faɗe ta ba. Tambaya ɗaya nake yi, sai in tarar ni ce zan nemi gafara.