Gawon da Iya Ta Zana a Toka

Kakarmu, Iya Dije, ba ta yin tatsuniya da baki kaɗai. In an ci tuwo an yi isha'i, sai ta jawo toka daga bakin murhu, ta baje da tafin hannu, ta ɗauki tsinken kara. "Ga ta nan a ƙasa," haka take farawa, "ku matso ku gan ta." Mu kuwa sai mu durƙusa.

A shekarun fari, da rumbunmu ya koma fayau, Baffa Sale, yayan mahaifinmu, ya ce a sare gawon tsakiyar gona, a kai itacen kasuwar Ɗanbatta a sayo hatsi. Ranar ce Iya ta yi mana tatsuniyar gawo.

Wai gawo ya yi faɗa da damina, ya rantse ba zai ƙara yi mata ado ba. In ta zo ya zubar da ganye, in ta tafi ya yi kore shar. Iya ta zana da'ira, ta ce gawo ke nan.

"To, da rani wa ke neman inuwa?"

Muka ce shanu. Ta zana su, ta ja layi.

"In sun kwanta, me suke bari?"

Muka tuntsire da dariya, muka ce kashi. Ta ja wani layin.

"Wa ke cin moriyarsa?"

Can na sa yatsa na ja layin da kaina, na ce gero. Ranar na gane abin da ya sa geron gindin gawo ke fin saura zangarniya.

Iya ta sa aka kira Baffa. Ya zo ya tsaya a kanmu.

"Subhanallahi! Iya, bugun ƙasa irin na bokaye kike koya wa yara, ana cikin wannan masifa?"

"Kai Sale, sunkuyo ka gani. Gawo ne da shanu."

Bai sunkuya ba. Takalmi ya sa ya murje zanen. Tatsuniyar nan ba ta kai ƙurunƙus ba. Kafin Juma'a gawo ya kwanta, hatsin da aka sayo bai kai mu damina ba, wurin kuma bai sake yin geron kirki ba. Yunwa ce ta tura Baffa, na sani. Rashin sunkuyawar ne har yau yake ci mini rai.

Kwanan baya jikata Hassana ta dawo daga firamare, ta ɗauki gawayi tana zana da'irori da layuka a tsakar gida.

"Kimiyya ce, Kaka. Malama ta ce in ka zana ka haɗa, sai ka ga dalilin abu."

Ubanta har da sa albarka. Ba wanda ya ambaci boka. Na jawo toka, na baje, na zana da'irar Iya.

"Hassana, da rani wa ke neman inuwar gawo?"

Ta sunkuya sosai, ta ɗago.

"Kaka, wanne ne gawo?"

Na buɗe baki zan ce mu je gona in nuna miki. Ko kututturen, gara ta daɗe da cinyewa.