Attaher Maƙeri da Motar Sarjan Siddiq

Kafin mu masu hatsi mu kwance bakin buhunanmu, Attaher ya riga ya hura gawayi a rumfarsa ta gefen kasuwar Dakoro. Butar shayi a gefe ɗaya na wutar, ƙarfen liƙi a ɗaya gefen. Na yi shekaru ina awon gero a rumfar da ke kallon tasa, ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Ya kurɓa, ya miƙe ya juya gwangwanayen da ya shanya, ya ɗauki almakashi, ya ajiye, ya leƙa kwalbar da ya jiƙa tsofaffin ƙusoshi a ruwan gishiri ya ga ko ruwan ya yi ja. Da ya ji rurin manyan motoci a kan gudron, wato kwalta, sai ya bar komai ya fita, rawani na warwarewa, ya tsaya yana kallo har sai ta ƙarshe ta ɓace.

Motocin soja yake ƙerawa, ƙanana, babbar cikinsu ba ta wuce taƙi guda. Kamyo, babbar mota mai rufin tanti, a-kori-kura mai bindiga a baya, mota mai sulke. Jikinsu gwangwanin madara ne da na tumatir, tayoyinsu tsohon silifa. Sojojin da ke ciki kuwa da iccen dashi yake sassaƙa su, kowanne tsawon ɗan yatsa, ya sa musu kaki da ƙyallen da tela ya yar. Amma abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne abin da yake yi bayan motar ta haɗu: sai ya zauna ya tsofar da ita, har ka rantse yanzu ta fito daga daji.

Maƙeri ne ɗan maƙera, Buzu daga Azagor. Iyayensa wuƙa suke ƙerawa da zobe da adon sirdin raƙumi. Lokacin da fari ya cinye dabbobin mutanen da yake yi wa aiki, ya gangaro Dakoro ya kama gyaran buta da murhu. Motocin da ya fara yi na wasan yara ne, kore shar, suna ƙyalli.

Haka yake har Sarjan Siddiq ya dawo daga gabas. Ɗan unguwarmu ne, an sallame shi daga soja yana jan ƙafa ɗaya. Ƙafar ba ita ta tayar wa matarsa Mas'uda da hankali ba. Mutumin ya daina magana, ya kuma daina zama. Daga gida zuwa tasha, daga tasha zuwa kasuwar dabbobi, ya sake juyowa. In kwano ya faɗi sai ya zabura. An sha rubutu, an je likita. Wata rana masu amalanke suka tsinto shi can kan hanyar Rumbu, ba ruwa ba takalmi, bai san inda ya nufa ba. Mas'uda ta ce wa matata tsoronta ɗaya, ranar da zai fita ba wanda zai tsinto shi.

A cikin wannan yawon ne ya tsaya gaban rumfar Attaher, ya ɗauki wata koriyar mota yana jujjuyawa. Ina jin su daga inda nake.

"Baba, wa ya ce maka haka motar soja take?"

Attaher ya ajiye butar da yake liƙewa. "To yaya take, Sarjan?"

"Wagga ta kai amarya ce. Tamu ba ta da launi."

"Zauna ka gwada mini."

Bai zauna ba, ya ajiye motar ya wuce. Amma washegari ya dawo, ya kuma dawo jibi.

Attaher ya niƙa jar ƙasa, ya kwaɓa da ƙaro, ya shafa wa motar. Siddiq ya ce ba haka ba, ƙurar can fara ce kamar toka, kuma ba ko'ina take kwanciya ba, tana taruwa ne a bayan taya da ƙasan ƙofa. Attaher ya kankare ya sake. Ya ɗebo baƙin tukunya ya sa inda hayaƙi ke fita. Ya ɗiga ruwan ƙusoshin nan a gindin kowane ƙarfe, ya bar shi ya gangara yadda ruwan sama zai ja tsatsa. Ya ɗauki bakin allura ya karce fentin inda takalma ke takawa in za a hau. In Siddiq ya girgiza kai, ko da aikin ya kusa ƙarewa, Attaher ya wargaza shi ya sake.

Kowane gyara da labarinsa yake zuwa. Lotsewar ƙofar dama, raƙumi ne ya yi ta. Jarkar da aka ɗaure da igiya a baya, ta ruwa ce, tana yoyo. Butar shayin da ke rataye jikin bindiga, ta direbansu ce, Nu'man. Mutumin da ya yi watanni bai haɗa magana biyu ba, sai ga shi yana musu a kan inda tsatsa ta tsaya.

A nan ne surutu ya taso a kasuwa. Kowa ya san halin rashin tsaro da ake ciki, hankalin mutane ba a kwance yake ba. Aka fara cewa Buzun nan me ya haɗa shi da motocin soja, yana fita yana ƙare musu kallo, yana kwaikwayonsu har inda ake ɗora bindiga, wa yake nuna wa? Waɗansu suka daina kawo masa gyara. Wasu suka ce sassaƙa mutum-mutumi ba aikin musulmi ba ne. Maganar ta biyu ta dame shi, domin mutum ne mai tsoron Allah, ya je ya tambayi malamai, ya dawo ya yanke wa kansa hukunci: ba zai yi wa kowa fuska ba. Ya naɗe kan kowane soja da rawani, yadda suke yi in ƙura ta taso. "Fuska ta Mai halitta ce," in ji shi. "Ni zama nake yi da tsayuwa." Maganar farko kuwa, da ƴan'uwansa maƙera suka ce ya bari kafin ta zama fitina, abin da ya ce shi ne, "Mutumen ga ya fara magana. In na tsaya, shi ma tsayawa za shi yi."

Ranar da za a sa direba, Siddiq ya ce a fito masa da gwiwar hannu ta taga, a karkata kansa hagu, don haka Nu'man ke tuƙi, kamar mai sauraren inji. Attaher ya manna shi a mazauninsa. Siddiq ya daɗe yana kallo. Sannan, karo na farko, ya ja kujera ya zauna, ya faɗi abin da ya faru. Sun ga sawu a hanya wanda bai kwanta masa ba, ya sauka daga gaba ya duba. Bai ga komai ba, ya ɗaga hannu a taho. Motar ta matso ta taka nakiyar da ke binne. Duk waɗanda ke ciki ba wanda ya tashi. Kuma akwai alkawari tsakaninsa da Nu'man, cewa duk wanda ya rage zai je ya gaida uwar ɗayan. Ya kasa. Kullum in ya fita yawo, Ɗan Gulbi yake nufi, garin su Nu'man, sai ƙafa ta kai shi wani wuri.

Attaher ya naɗe motar a zane ya ce, "Ran kasuwa mu tahi tare."

Ni ma ina da sayen gero a can, shi ya sa na gani da idona. Inna Ladidi, uwar Nu'man, tana sussukar hatsi muka yi sallama. Siddiq ya durƙusa, ya buɗe zanen ya ajiye motar a gabanta. Ta goge hannu, ta sunkuya. Ba wanda ya faɗa mata komai.

"Wanga Nu'manu ne," ta ce. "Haka yake karkata kai tun yana goye."

Ta bi sauran da yatsa, tana tambayar sunan kowa, Siddiq yana faɗa. Da ta zo kan kujerar da ke gefen direba ta tarar ba kowa.

"Kai kuma ina kake, ɗana?"

"Inna, ni na sauka. Ni na ce su taho."

"Kafin ka sauka fa? Ba kai ke zaune nan ba duk tsawon tafiyar? Kwana ne ya ƙare, ba hannunka ba." Ta juya wajen Attaher. "Maƙeri, a sa shi. Kar a bar mini yaro shi ɗaya a gaba."

Attaher ya zaro wuƙa da guntun icce daga aljihu, ya tsuguna a gindin turmi ya sassaƙa. Siddiq yana kuka, tsohuwar tana riƙe da kansa.

Ba zan ce ya warke sarai ba. Har yau akwai ranar da yake kasa zama. Amma ya yi noma bana da bara, Mas'uda ta ce yana cin tuwo a gida, yara sun daina gudu in ya shigo. Labarin motar ya bazu. Mata suka riƙa zuwa daga ƙauyuka, har daga Maraɗi, wata da hoton miji, wata ba ta da komai sai yadda ɗanta yake tsayawa da hannu a ƙugu. Tsofaffin sojoji suna zuwa su yi gardamar launin ƙura su wuni. Masu surutu da suka ga su wane ne ke zama a rumfar, sai suka dawo da butocinsu.

Attaher, kai ne ka saurari mutumin da gari ya gaji da shirunsa. Kai ne aka zarga ka ci gaba da aiki, aka ce ka sake ka sake, ba ka taɓa cewa ai wasan yara ne ba. Maƙeri mai gyaran abin da wuta ba ta liƙewa, ba ka taɓa riƙe bindiga ba, amma ka mayar da mutane gida. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne, yanar ido tana rufe wa Attaher gani. Ya faɗa mana daga kakar bana ya ajiye wuƙa, don ya fara yanke yatsa a madadin icce. Ga kuma kamyo a kan tebur, an haɗa jiki ba a sa mutane ba, ta wata baiwar Allah ce mai suna Zalika, wadda ke zuwa kowace kasuwa ta tsaya ta duba ta koma. Attaher yana ta zagaye teburin nan, ya ɗauka ya ajiye.

Ku da kuke da wani Siddiq a gida ko a maƙwabta, ku ba shi kujera, ku tambaye shi yadda abin yake, ku yi haƙuri in bai zauna ranar farko ba. Ku kuma masu hannu da haƙuri, teloli da masassaƙa da makanikai, rumfar tana nan, ba a rufe ba tukuna. Na tambaye shi me zan rubuta a madadinsa. Ya ɗauko kwalbar ƙusoshin ya shinshina.

"Ka ce musu tsatsa ko da hanci ina gane ta nuna," ya ce. "Mai ido nake nema. Ya zo kafin Zalika ta gaji da zuwa."