Shekarar da Muka Noma Wardi

A littattafan soyayya na fara sanin wardi. Tun ina budurwa nake karanta yadda saurayi ke miƙa shi, budurwa ta sunkuyar da kai. Ban taɓa riƙe shi a hannuna ba sai shekarar da maigidana ya bar noman kabeji, ya dasa shi a lambunmu na hanyar Vom, lambun da shi kaɗai ke ciyar da mu.

Wani Bayarabe ne ya kawo maganar, wakilin wasu Jamusawa masu zuba jari a noman fure. Ya ce sanyin Jos ne wardi ke so. Su za su ba da dashe, su turo mota mai firji ta kwashe zuwa jirgi. Sharaɗinsu ɗaya: a yanke furen yana dunƙule. In ya buɗe, ya tashi daga kayan sayarwa.

"To ai buɗewar ce kyansa," na ce.

"Madam, a falon Bature zai buɗe, ba a gonar oga ba," ya ce yana dariya.

Na yi ta mafarki. Ina hango wata Baturiya cikin dusar ƙanƙara tana rungume da furen da na yi wa ban ruwa, wani dogo yana yi mata raɗa a kunne.

Maigidana kuwa rediyo ya rataya a jikin bishiya. Kullum da la'asar yana sauraren labarin Jamus: jam'iyyun da ke mulki tare sun saɓa, masana'antu na sallamar ma'aikata, gas ya yi tsada, ana maganar sabon zaɓe.

"Baban yara, ina ruwanmu da rigimarsu?"

"Sai wanda ya ƙoshi yake sayen fure," ya ce, bai ɗago ba.

Furen ya fara kumbura. Muka kira wakilin, ya ce masu kuɗin sun dakata, suna jira su ga wace gwamnati za ta zo. Mota dai tana nan tafe. Da muka sake kira, ya ce mu yi haƙuri, su ma can ba su san inda aka dosa ba. Daga nan wayar ta koma ƙara ba a ɗauka.

Maigidana ya kafa sanduna, ya shimfiɗa tsofaffin buhuna a sama don rana ta daina taɓa furannin, kada su buɗe. Yana bin kunya-kunya yana latsa kowane da yatsa, kamar mai duba zazzaɓin jariri. Ja ya fara leƙowa ta bakinsu.

Wata safiya, tun ban ƙarasa lambun ba, ƙamshi ya tare ni a hanya. Zuciyata ta yi tsalle, sannan na tuna sharaɗin wakilin. Lambun ya yi jawur daga wannan gefe zuwa wancan. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Maigidana yana tsaye a tsakiya, hannuwa a ka.

Muka cika kwanduna muka kai kasuwar Farin Gada. 'Yan dako na loda kabejin maƙwabtanmu a manyan motoci.

"Alhaji, a miya ake sawa ko a kwaɗo?" wani dillali ya yi ihu, rumfa ta ɗauki dariya.

Wata Inyamura mai shago ta ɗauki dami ɗaya don coci. "Sorry, oga, Allah zai kawo," ta ce. Sauran ya yi yaushi kafin azahar.

Washegari maigidana ya ɗauki fartanya zai tuge shukokin wardin, ko da lokacin dashen kabeji ya kusa wucewa. Yana bakin kunyar farko wayarsa ta yi ƙara. Wakilin ne. Maigidana ya faɗa masa abin da yake shirin yi.

"Oga, kar ka taɓa su! Bayan zaɓensu komai zai daidaita."

"Yaushe?"

"Suna magana."

Ya daɗe yana kallon fartanyar. Sannan ya jingine ta, ya ɗauki bokitin ban ruwa. Na duba reshen da ke kusa da ni. Ƙarƙashin inda muka yanka, wasu sababbi sun riga sun fito, ƙanana, a dunƙule.