Ranar da na wanke wa mahaifiyata ƙwarya

Shekarun baya, ina aji na farko a kwaleji nan Dakoro, aka kawo mana wani malamin kimiyya mai son a taɓa abu da hannu kafin a rubuta shi cikin kaye, wato littafin rubutu. Ni kuwa a lokacin ina cikin yaran nan da in sun koyi abu da safe, kafin la'asar duk gida ya ji. Mahaifina rediyo yake ce mini.

Wata rana malam ya raba allo gida biyar, ya ce duk abin da ke da rai a duniya masana sun kasa shi cikin masarautu biyar. Ta farko dabbobi, har da mu mutane a ciki, abin da ya sa aji ya ɗauki gunaguni. Sai tsirrai. Sai dangin hunhuna da laimar kwaɗi, wadda na daɗe ina ɗauka tsiro ce, ashe ba ta iya haɗa abincinta da hasken rana kamar gero. Sai wasu ƙananan halittu na ruwan tabki. Ta ƙarshe ya kira su bakteri, ya ce ido ba ya ganinsu.

Abin ya shiga raina sosai. Kwana uku ba abin da na bari: raƙumi, aduwa, gara, kaskar da ke kunnen karenmu, duk na ba kowa gidansa cikin kayena. Gida na biyar ne ya tsaya mini wayam, ya kuma dame ni. Da na tambayi malam ina suke zama, sai ya ce wa ke da nono a gidansu. Na ɗaga hannu har ina miƙewa.

Dole in ɗaga, don nonon mahaifiyata sananne ne a unguwarmu, har ƙofar gida ake biyo shi. Sirrinsa yana cikin wata 'yar ƙaramar ƙwarya da take kira ƙwaryar iri. Kullum in ta dafa madara ta huce, sai ta ɗebi ludayi guda daga ciki ta zuba, washegari ta mayar da ludayi guda na sabon nono. Kakata ce ta ba ta ƙwaryar da irin daga Ɗan Gulbi ranar da aka kawo ta gidan mahaifina, kuma bai taɓa yankewa ba. Ko shekarar da shanu suka yi nisa neman ciyawa, da madarar akuya ta riƙe shi. Kakata ta rasu tun ina ƙarama, wannan ƙwaryar ce abin da ya rage na hannunta. Ba mai taɓa ta sai mahaifiyata.

Na kai nono cikin 'yar kwalba. Malam ya ɗiga shi kan gilashi, ya sa wani shuɗin ruwa, ya tura ƙarƙashin mikroskop ɗaya tilo da makarantar ke da shi. Da layi ya zo kaina na leƙa, sai ga su birjik, wasu kamar guntayen zare, wasu kamar ƙwayar gero a jere. Malam ya ce su ne bakteri, rayayyu ne, suna ci suna yaɗuwa. Daidai nan aka buga ƙararrawa, ya ce sauran bayani sai Litinin.

Ni ban jira Litinin ba. Na tuna a likita an taɓa ce mana irin waɗannan abubuwa ke sa gudawa. Wato shekara da shekaru abin da muke sha ke nan, muna ba baƙi? Na yanke wa kaina shawara ni zan ceci gidanmu.

Ran Asabar mahaifiyata ta tafi suna. Na kwashi ƙorenta duka, na zubar da irin bayan garke, na tafasa ruwa na sa jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, na dirje su da soso da toka har hannuna ya yi ja. Na kife su a rana ina kallonsu, ina jin kaina kamar wata likita.

Da yamma ta dawo, ta yi tatsa, ta dafa madara, ta miƙa hannu ga ƙwaryar iri. Ta juya ta, ta sake juyawa.

"Wa ya taɓa min wagga ƙwarya?"

Na fito da fara'ata na zayyana mata komai, har da masarautu biyar. Na yi zaton duka zan sha ko godiya, ban samu ko ɗaya ba. Ta zauna kan turmi da ƙwaryar a cinya, ta ce a hankali, "Irin Inna ne kinka zubda." Wannan maganar ta fi mini bulala ciwo.

Madarar ranar ba ta kama ba, ta tsinke ta yi wani wari. Mahaifiyata ta karɓo iri wurin maƙwabciya, nono ya yi, amma ba nata ba ne. Wata tsohuwa da ta saba saye ta kurɓa, ta dube ta, ta tambaya ko ba ta da lafiya ne. Ina bayan ƙofa ina ji, na rasa inda zan sa kaina.

Ran Litinin malam ya ƙarasa darasi. Ya ce wasu bakteri na sa cuta, amma waɗanda muka gani su ne ke mayar da madara nono, in babu su babu nono. Bayan an tashi na same shi ina hawaye na gaya masa ta'asar da na yi. Ya ce masarauta ba ta nuna na kirki da mugu, saniya da kunama ai gida ɗaya na rubuta su. Sannan ya tambaya ko mahaifiyata ta taɓa ɗibar wa wani irin, don in yana raye a wata ƙwarya, bai mutu ba.

Da gudu na isa gida. Mahaifiyata ta ce ta taɓa ɗibar wa ƙanwarta da ke aure a Birnin Lalle, sai dai ba ta san ko ta riƙe shi ba. Kwana biyu muka jira motar kasuwa, ban yi barcin kirki ba. Da muka isa, ƙanwar mahaifiyata ta yi mini dariya har ta riƙe ciki, sannan ta shiga ɗaki ta fito da tata 'yar ƙwaryar. Ni aka ɗora wa riƙon irin a hanya, cikin kwano naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ko tari ban yarda na yi ba.

Da muka iso gida, mahaifiyata ta zuba shi cikin madara. Washegari da safe ta ɗaga faifai, ta ɗanɗana. Na ga ta share ido da bakin zane. Can ta kira ni.

"Waɗanga abubuwan da kinka gani, kin ce suna ci?"

Na ce suna ci.

"Suna haihuwa?"

Na ce suna yaɗuwa dai.

"To ashe kiwo nike ban sani ba. Ki ce ma malaminku shi maishe su wurin shanu."

Na kai saƙo. Malam ya yi dariya, ya ce a jarrabawa kada in kuskura in rubuta haka, amma a gida in bi maganar mahaifiyata.

Tun daga ranar na rage saurin aiki da rabin darasi, ko da yake mijina zai iya musa wannan. Har yau ina son sanin gidan da kowace halitta take, sai dai na daina yanke mata hukunci don sunan gidansu. Mahaifiyata ta tsufa, ta bar tatsa. Bara ta kira ni ta miƙo mini 'yar ƙwaryar, ta ce in riƙe garken Inna da kyau, kuma kada in wanke.