Uwar da Ta Jira Kwaku a Ɗakin Sanyi

Na daɗe ba na tausayin masu jiran takardar zama a Amurka. Ni ma can na yi karatu, da na gama na tattara na dawo Kumasi, don haka nake ganin duk wanda ya maƙale a can kwaɗayi ne ya riƙe shi. Har yau ban saki wannan ra'ayin gaba ɗaya ba, amma tun da na zauna da Kwaku Ntiamoah na rage baki.

Kwaku ɗan Konongo ne, ajinmu ɗaya a firamare. Aikinsa duba ingancin koko, wanda ake cakulan da shi, a tashar jiragen ruwa ta Tema, har wani kamfanin cakulan ya mai da shi masana'antarsa ta Amurka, tare da matarsa da 'yarsu Serwaa. Da wa'adin bizar aikin ya zo ƙarewa, kamfanin ya nema masa katin zaman dindindin. Lauya ya ja masa kunne cewa in ya bar ƙasar kafin izinin tafiya ya fito, neman ya rushe. Serwaa kuwa ta kusa shekarun da ake cire ɗa daga takardar ubansa. In aka koma farko, ba da ita ba.

Ana cikin haka mahaifiyar Kwaku ta rasu. Aka kai ta ɗakin sanyi na asibiti inda ake ajiye gawa, kamar yadda muka saba, har 'ya'ya su hallara. Kawunsa Boadu, babban dangi, shi ke sa ranar jana'iza. Ya sa ya ɗaga, ya sa ya ɗaga. Aka zaɓi yadin makoki, baƙi da ja, aka aika wa Kwaku nasa.

Wata Lahadi Kawu ya kira shi.

"Bature, an tashi lafiya?"

"Kawu, a ƙara min wata ɗaya."

"Kullum wata ɗaya! Matar da ko ruwan randa ba ta sha saboda haƙoranta, ka bar ta cikin ƙanƙara tun kafin girbin koko? Kai ne ɗan fari. Wa zai saka mata zane a akwati, maƙwabta?"

"Takardar tana hanya, Kawu."

"A ƙafa take zuwa?"

Serwaa na gefen tebur tana karatun jarrabawa. Kwaku ya dube ta. Sannan ya ce, "Kawu, ku rufe ta."

Ƙanwarsa ce ta saka zanen. Shi kuwa ya yafa nasa yadin a falo, ya kalli taron ta waya. Izinin tafiyar ya iso bayan an kwashe rumfuna.

Bara, Kwaku ya zo taron cikar shekara da rasuwarta, da katinsa a aljihu. Kawu Boadu ya amsa gaisuwarsa ba tare da ya ɗago kai ba. Serwaa ta samu nata katin, tana koyon aikin jinya. Na bari sai da muka ci sakwara muka wanke hannu, sannan na tambaye shi, da za a maimaita, zai zo?

Ya goge hannunsa a hankali.

"Ba zan zo ba," ya ce. "Shi ne abin da ya fi ci min rai."